Jagoran Gano Matsalolin Kayan Laftof Bayan Komawa Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 da ta gaje ta tana sharɗanta cif ɗin tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma furosesa wadda, in ta Intel ce, ba ta gaza ƙarni na takwas ba. Wannan sharaɗi ya bar ɗimbin laftof masu ƙoshin lafiya a waje, musamman irin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka kuma cika shagunan kwamfutocin hannu na biyu a Kano da Kaduna da Yamai. Ga mai irin wannan na'ura, komawa Linux hanya ce mai ma'ana. Linux tsarin sarrafa kwamfuta ne mai buɗaɗɗen tushe, wato rubutun da aka gina shi da shi a fili yake, kowa yana da ikon karantawa da gyarawa da rarrabawa, kuma Linus Torvalds ne ya fara shi a Finlan a 1991. Yau ana samun sa a nau'o'i da yawa, irin su Ubuntu da Linux Mint da Debian da Fedora. Sai dai bayan an girka shi, wani lokaci akan tarar Wi-Fi ya ɓace, ko sifika ta yi shiru, ko allo ya yi baƙi, ko batir yana zuba kamar an huda shi, kuma a nan ne mutane da dama suke yanke hukuncin cewa tsarin bai dace da kwamfutarsu ba, alhali galibin waɗannan matsaloli suna da sanadi sananne da magani sananne.

Fahimtar sanadin tana buƙatar a bambanta abubuwa uku. Na farko shi ne kanel, wato ƙwayar tsarin, ɓangaren da yake hulɗa kai tsaye da kayan ƙarfe. Na biyu shi ne direba, wata ƙaramar manhaja da take aikin tafinta tsakanin kanel da kowane sashe na na'ura, domin kanel ba ya jin yaren cif ɗin Wi-Fi ko na sauti sai ta bakinsa. Na uku ita ce famwaya, manhajar da ake loda wa cikin cif ɗin kansa duk lokacin da kwamfuta ta tashi, wadda in babu ita cif ɗin ba zai motsa ba ko da direbansa yana nan. A Windows, mai ƙera laftof ne yake tattara direbobi ya ɗora kafin a sayar, ko mai saye ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. A Linux kuwa yawancin direbobi a cikin kanel suke zuwa, shi ya sa abin da zai yi aiki yakan yi tun daga tashin farko ba tare da an nemo komai ba. Idan wani sashe ya ƙi, to kusan kullum ɗayan uku ne ya faru: ko kanel ya girmi cif ɗin bai san shi ba, ko famwayar ba ta cikin abin da aka girka, ko kuma kamfanin da ya ƙera cif ɗin ya rufe direbansa don haka dole a ɗora shi daban.

Sunan da ke kan murfi da sunan da ke ciki

Kuskuren da ya fi ɓata lokaci shi ne neman magani da sunan laftof. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo ba sa ƙera cif ɗin Wi-Fi ko na sauti. Suna saye ne daga Intel da Realtek da Broadcom da Qualcomm da MediaTek, kuma laftof biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗauke da katin Wi-Fi daban-daban, gwargwadon watan da aka haɗa su ko ƙasar da aka nufa da su. A kwamfutar hannu na biyu abin ya fi haka rikitarwa, tunda mai yiwuwa wani mai gyara ya riga ya sauya katin. Saboda haka matakin farko a kowace matsala shi ne sanin ainihin cif ɗin, kuma ana yin haka a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa.

Umarnin lspci -nnk yana jera kayan da ke haɗe da uwar allon kwamfuta, kowanne da wasu lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farko ta kamfani ce, ta biyu ta samfurin cif: 8086 Intel ke nan, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Qualcomm Atheros, 14c3 MediaTek, 10de NVIDIA, 1002 kuwa kayan hoto na AMD. Waɗannan lambobi su ne shaidar da ba ta ƙarya, kuma da su ya kamata a nemi bayani. A ƙarƙashin kowane sashe akwai layi mai cewa "Kernel driver in use", wanda yake nuna direban da ya kama shi. Rashin wannan layi yana nufin kanel ya ga na'urar amma bai sami mai yi masa magana da ita ba. Umarnin lsusb yana yin irin wannan aiki ga kayan da suke bi ta USB, kuma abin lura shi ne Bluetooth da kyamara da mai karanta yatsa, duk da cewa a cikin laftof suke, yawanci ta USB aka haɗa su, don haka a nan za su bayyana. Umarnin uname -r yana faɗin lambar kanel. Na ƙarshe, kuma mafi amfani, shi ne sudo dmesg, wanda yake fito da rahoton da kanel ya rubuta tun daga tashi. Idan aka tace shi da sudo dmesg | grep -i firmware, duk wata famwayar da aka nema ba a samu ba za ta fito da sunan fayil ɗinta ƙarara.

Da waɗannan umarni huɗu ana iya jera tambayoyin da suke raba matsala gida-gida: shin an ga na'urar, shin direba ya kama ta, shin famwaya ta lodu, shin wani abu ne ya toshe ta. Idan na'ura ba ta fito a lspci ko lsusb ba sam, to da wuya laifin ya zama na Linux, domin ko dai an kashe ta a BIOS, wato saitin da ke cikin kwamfuta kafin kowane tsari ya tashi, ko ta kwance daga mazauninta, ko ta mutu. Ana shiga wannan saiti da F10 a yawancin HP, da F2 a Dell, da F1 a ThinkPad. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da sabon nau'in Ubuntu ko Fedora ba tare da an girka ba: abin da ya yi aiki a can amma ya ƙi a tsarin da aka girka, matsalarsa ta manhaja ce, kuma da an yi wannan gwaji kafin goge Windows da an huta da rabin wahalar.

Wi-Fi

Matsalar Wi-Fi ta fi kowace ciwo, domin maganinta yana intanet, ita kuma ta hana shiga intanet ɗin. Mafita ita ce wayar hannu: idan aka haɗa wayar Android da kebul ɗin USB aka kunna raba intanet ta USB a saitinta, Linux yana karɓarta a matsayin layin waya ba tare da wani direba na musamman ba, kuma direban Wi-Fi ba ya cin data mai yawa. Kafin a sauko da komai, ya kamata a rubuta rfkill list. Idan ya nuna "Soft blocked: yes", manhaja ce ta toshe, kuma rfkill unblock all zai buɗe, idan ya nuna "Hard blocked: yes", to maɓalli ne a gefen kwamfuta ko haɗin Fn da wani maɓallin da ke da hoton jirgi ko eriya, kuma babu umarnin da zai buɗe shi sai yatsa. Sai dai a wasu tsofaffin Lenovo IdeaPad akan sami direba mai suna ideapad_laptop yana ba da rahoton toshewar da babu ita, kuma cire shi na ɗan lokaci da sudo modprobe -r ideapad_laptop yana nuna ko shi ne mai laifin.

Katunan Intel su ne mafi sauƙin hali, domin kamfanin da kansa yake kula da direbansu mai suna iwlwifi a cikin kanel, kuma in sun ƙi, yawanci famwaya ce babu. A Ubuntu da Mint tana cikin ƙunshin linux-firmware. A Debian an rarraba ta gida-gida, kamar firmware-iwlwifi da firmware-realtek da firmware-atheros. Shekaru da yawa Debian ba ta sa irin wannan famwaya a faifan girkawarta na hukuma, bisa aƙidar cewa rubutunta a rufe yake, har sai da masu gina ta suka kaɗa ƙuri'a a 2022, aka fara haɗa ta daga Debian 12 a 2023. Saboda haka tsofaffin shawarwari masu cewa Debian ba ta ganin Wi-Fi sun riga sun tsufa.

Broadcom ne yake buƙatar haƙuri, saboda direbobi da dama ne suke takara a kan katunansa, kuma kowanne da waɗanda yake iya ɗauka. Tsofaffi irin BCM4311 da BCM4318 suna aiki da buɗaɗɗen direba b43, wanda yake buƙatar ƙunshin firmware-b43-installer; wasu kuwa, irin BCM43142 mai lamba 14e4:4365 da BCM4360, ba sa aiki sai da rufaffen direban kamfanin mai suna wl, wanda yake zuwa a ƙunshin broadcom-sta-dkms. Haɗarin shi ne girka wl yana hana sauran direbobin tashi, don haka wanda ya ɗora shi a kan katin da ba nasa ba ya kashe direban da zai yi masa aiki da hannunsa. Manhajar Additional Drivers ta Ubuntu da Driver Manager ta Mint suna duba lambar cif su zaɓi wanda ya dace, kuma bin zaɓinsu ya fi gwaji da ka.

Realtek yana da wata matsala ta daban wadda ta shahara a ƙananan laftof na HP masu katin RTL8723BE: Wi-Fi yana aiki, amma ba ya ganin rauta sai an matso kusa da ita ƙwarai. Dalili shi ne katin yana da mazaunin eriya biyu, mai ƙera laftof ya haɗa waya ɗaya kawai, direba kuma yana saurare ta mazaunin da babu komai. Ana sauke direban da sudo modprobe -r rtl8723be, a sake loda shi da sudo modprobe rtl8723be ant_sel=1, a duba ƙarfin sigina, sannan a gwada ant_sel=2; lambar da ta ba da ƙarfi sai a rubuta ta a wani fayil cikin /etc/modprobe.d domin ta dawwama. Idan kuwa katin sabo ne fil, kamar na MediaTek ko Realtek na baya-bayan nan, abin da ake buƙata sabon kanel ne. Ubuntu 24.04 ta fito da kanel 6.8, Debian 12 da 6.1, kuma Ubuntu tana da jerin kanel mai suna HWE wanda yake kawo sababbi ga nau'in da ake tallafa wa na dogon lokaci, Debian kuma tana da rumbun backports. Ƙa'idar ita ce sabuwar kwamfuta tana son sabon kanel, tsohuwa kuwa kusan kowanne ya ishe ta.

Hoto da Secure Boot

Kayan hoto na Intel da AMD suna da buɗaɗɗun direbobi a cikin kanel, ba kasafai suke buƙatar komai ba. NVIDIA ce take da direba biyu: nouveau, wanda masu sa kai suka gina ta hanyar nazarin yadda katin yake aiki, da kuma na kamfanin, wanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan allo ya yi baƙi ko ya daskare yayin tashi, ana riƙe Shift ko a danna Esc don fito da jerin GRUB, wato manhajar da take tayar da tsarin, a danna e, a ƙara kalmar nomodeset bayan quiet splash, a danna F10. Wannan yana tayar da kwamfuta da hoto mai rauni, kuma amfaninsa kawai a samu shiga a girka direban da ya dace. Barinsa dindindin yana kashe saurin hoto da sarrafa hasken allo. Direban NVIDIA ya kamata ya fito daga rumbun tsarin, ta ubuntu-drivers a Ubuntu ko RPM Fusion a Fedora, domin wanda aka sauko da shi kai tsaye daga kamfanin yakan karye da zarar kanel ya sabunta.

A nan ne Secure Boot yake shigowa, wato tsaron da yake hana kwamfuta loda abin da ba shi da sa hannun da ta amince da shi. Ubuntu da Fedora da Debian suna tashi lafiya a ƙarƙashinsa, amma direbobin da ake haɗawa a kan kwamfutar kanta ta hanyar DKMS, kamar wl na Broadcom, ba su da wannan sa hannu sai an yi musu. Lokacin girka su tsarin yakan nemi a ƙirƙiri kalmar sirri, sannan a tashi na gaba wani shuɗin allo ya bayyana yana tambayar a yi rajistar mabuɗi mai suna MOK. Mutane da yawa suna tsorata su wuce shi, sai direba ya girku amma ya ƙi loduwa, babu kuma wani saƙo a fili da zai bayyana dalili. Umarnin mokutil --sb-state yana faɗin ko tsaron a kunne yake, dkms status kuma yana nuna ko an haɗa direban. Kashe Secure Boot yana magance abin nan take, amma duk wanda ya bar Windows a gefe da ɓoyewar BitLocker ya wajaba ya adana mabuɗin ceto kafin ya taɓa wannan saiti, in ba haka ba Windows tana iya kulle faifanta ta nemi mabuɗin.

Abin da Windows take bari a baya

Idan manhajar girkawa ta ce ba ta ga faifan ajiya ba alhali yana nan, yawanci BIOS ce ta sa shi a yanayin Intel RST, wanda a wasu kwamfutoci ake rubuta shi RAID, kuma mayar da shi AHCI yana bayyana shi. Sai dai in ana son Windows ta ci gaba da tashi, dole a sa ta ta shiga yanayin Safe Mode sau ɗaya daidai lokacin sauyin. Fast Startup kuma, wanda yake kunne a Windows tun daga fari, ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yana barin faifai a kulle, wani lokaci ma ya bar Wi-Fi ko Bluetooth a halin da Linux ba zai iya farkar da su ba, don haka kashe shi wajibi ne ga mai tsari biyu. Akwai kuma saɓanin agogo: Windows tana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin gari, Linux yana ɗaukarsa a matsayin lokacin UTC, shi ya sa a Najeriya da Nijar akan ga bambancin awa ɗaya daidai bayan sauyawa daga wannan zuwa wancan. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su.

Sauran sassan ba sa buƙatar dogon bayani. Sauti a laftof na Intel na shekarun baya-bayan nan yana buƙatar famwayar SOF, wadda take cikin firmware-sof-signed a Ubuntu da Debian, kuma alamar rashinta ita ce saitin sauti ya nuna "Dummy Output". Kafin a kai ga nan, ya dace a buɗe alsamixer a duba ko wata tasha tana ɗauke da MM, alamar an yi mata shiru. Kyamarar da ta fito a lsusb kusan kullum tana aiki, amma sababbin kyamarori masu bi ta Intel IPU6 sun daɗe suna wahalarwa, tallafinsu bai fara shiga kanel ba sai 6.10 a 2024. Mai karanta yatsa ya dogara ga ko manhajar libfprint ta san lambarsa, kuma in ba ta sani ba, haƙura ya fi. Modem na USB da ya bayyana a matsayin faifai yana buƙatar usb-modeswitch. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuwa ba matsalar kibod ba ce, domin Linux yana zuwa da tsarin rubutun Hausa na Najeriya da na Gana, ana ƙara shi a saitin kibod.

Batir, zafi da barci

Kafin a ɗora wa Linux laifin cin batir, ya kamata a rubuta upower -d a kwatanta energy-full da energy-full-design, wato abin da batir yake iya ɗauka yau da abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Batirin da ya koma rabi ba zai gyaru da kowace manhaja ba. Haka ma zafi: fankar da ƙurar hunturu ta toshe tana sa furosesa ta rage gudu a kowane tsari, kuma umarnin sensors zai nuna zafin, amma buroshi da sabon man sanyaya furosesa ne maganin. Idan kayan lafiya suke, manhajar TLP tana rage cin wuta, da sharaɗin kada a haɗa ta da power-profiles-daemon, tunda su biyun suna jayayya a kan saiti ɗaya. A laftof mai katin hoto biyu, barin NVIDIA a kunne kullum shi ne babban mai shan batir, kuma prime-select a Ubuntu yana mayar da aiki kan Intel. Kwamfutar da take zafi a cikin jaka bayan an rufe murfi tana da matsalar barci: cat /sys/power/mem_sleep yana nuna s2idle, barci mai sauƙi, da deep, barci mai nauyi, kuma idan deep yana cikin jerin ana iya zaɓarsa ta ƙara mem_sleep_default=deep a /etc/default/grub sannan a yi sudo update-grub. Wasu daga cikin irin waɗannan kurakurai daga BIOS suke, kuma Dell da Lenovo da HP suna aika sabuntawarta ga samfura da dama ta fwupdmgr, amma ba a fara wannan aiki sai batir ya cika kuma caja tana haɗe, domin yankewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe uwar allo.

A duk waɗannan matakai, sauyi ɗaya ake yi a lokaci guda, a sake tayar da kwamfuta, a rubuta abin da aka yi, domin wanda ya liƙa umarni biyar a jere ba zai san wanne ya gyara ko wanne ya ɓata ba, kuma umarnin da aka rubuta don Ubuntu ta 2014 yana iya lalata ta 2024. Manhajar Timeshift tana ɗaukar hoton tsarin kafin a taɓa shi, kuma idan sabuntawa ce ta kawo matsalar, jerin "Advanced options" na GRUB yana riƙe da kanel ɗin da ya gabata, wanda tashi da shi yake tabbatar da zargin cikin minti biyu. Idan katin Wi-Fi ya ci gaba da gardama bayan duk wannan, sauya shi da na Intel ya fi arha a kan kwanakin da zai ci, muddin ba a liƙe yake da uwar allo ba. Sai dai a lura da abu biyu wajen saye: wasu tsofaffin ThinkPad da HP suna da jerin katunan da BIOS ta yarda da su, tana ƙin tashi da waninsu, sannan katin Intel AX200 yana aiki a kowane mazaunin M.2 da ya dace da shi, yayin da AX201 yake buƙatar furosesar Intel mai fasahar CNVi, ba ya kuma aiki a kwamfutar AMD.